Ranar da Baba Ya Shiga Langa

Da an gama yankan gero, gonar bayan gidanmu takan koma filin langa. Wata la'asar ɓangarenmu ya rasa mutum ɗaya. Sai Baba ya ajiye kwandonsa, ya naɗe wando, ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya kamar yaro.

Inna ta leƙo ta kan danga ta ce, "Malam, da girmanka?" Dariya kawai ya yi.

Ni aka sa ruwa, wato wanda za a kare har ya kai gindin kuka. Baba ya sunkuyo, jikinsa duk gumi da ƙaiƙayin gero, ya ce, "Kai dai riƙe ƙafarka, kada ka waiwayo. Ina bayanka."

Na yi ta tsalle, ina jin yana ture yara suna zubewa. Ban waiwaya ba sai da na dafa kukar.

Baba bai ga wata kakar ba, Allah Ya jiƙansa.

Jiya ɗana ya ce in koya masa langa. Na kama yatsana, na yi tsalle biyu, sai na waiwaya. Babu kowa a bayana sai katanga.