Moɗar Mabarata

Akwai wata lotsattsiyar moɗa a zauren gidanmu na Ƙofar Kuyambana, wadda ba a ba kowa ruwa da ita sai mabarata.

Babanmu ne manajan masaƙar kujerun da makafi da guragu ke aiki a cikinta. Wata rana bayan la'asar, uku daga cikinsu suka yi sallama, sun zo shaida masa sun kafa ƙungiyar ma'aikata. Baba ya ce, "Ke, kawo musu ruwa," ya nuna mini moɗar da haɓa.

Shugabansu, Malam Iro makaho, ya karɓa, ya bi bakinta da babban yatsa har ya iso inda ta lotse.

Ya ce, "Alhaji, na san moɗar nan. Da ita na sha ruwa a zauren nan lokacin da nake bara. Yau kuwa ma'aikaci ne ya zo."

Ya miƙo mini ita a cike. "Mayar, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ƙungiyar tana nan har yau, ni ma kunyar ba ta sake ni ba. Da zagin mu ya yi, da tuni na manta.