Gyaɗar Inna a Kwari

Mu uku ne a gona ran nan da la'asar: ni, da Kaka Hajjo, da jakin Baffa. Inna ta rasu da rani, ta bar min 'yar ƙwaryar irin gyaɗa. Na samu wuri mai danshi na shuka, don ƙasar ta fi taushi.

Kaka ta taka wurin, ƙafarta ta nutse. Ta ce, "Ke 'yar nan, kwari ne wannan. Inda ruwa yake kwana ke nan. Gyaɗar uwarki ruɓewa za ta yi."

Yau da na tsufa, jikokina sun yanka fulotan gina gidaje a kwarin, ba wanda ya tambaye ni.

Ran nan kuwa, Kaka ba ta ce za ta taya ni ba. Washegari na tone irin ɗaya bayan ɗaya, na kai tudu ni kaɗai.