Tasha ta Shida

Na'urar waifai ta intanet guda biyu Mannir ya kafa a gidansu na Bungudu, ɗaya a zaure, ɗaya a bakin ɗakin mahaifiyarsa, Inna Kulu. Ya saita su su riƙa zaɓar tasha da kansu: in ɗaya ta ji 'yar'uwarta ta cika surutu a wata tasha, sai ta matsa wata, ta rage murya. A cewarsa, hankalin da ya gagari rabin danginsu ke nan.

Bayan rasuwar Baba, hankalin ya gudu.

Inna tana takaba, ba ta fita. Da waya take ganin jikokinta na Tsafe, da ita take jin wa ya haihu, wa ya yi yaji. Ta kira Mannir.

"Abin ga naka ya mutu. In shi ma takaba za a yi mai, ka gaya mini."

Mannir ya bar aiki a Gusau ya hau babur. Tun sadakar uku bai taka gidan ba, don ba ya son ganin buzun Baba a zaure ba kowa a kai. Ya tarar an cire na'urorin daga zaɓin kansu, an ɗaure su a tasha ta shida, an ƙure musu ƙarfi, suna ta ihu kan juna kamar lasifikar biki biyu a lungu ɗaya. Ya gyara. Aka yi sa'a ƙanwar Inna, Safiyatu, ta sauke tuwon dawa da miyar kuka. Ya ci ya tafi.

Mako bai cika ba, suka koma shida.

Lambar sirri kuwa shi da Baba kaɗai suka sani, Baban da idonsa ya daɗe da rauni, ko kira zai yi sai an danna masa. Mannir ya canza ta, yana bugawa yana faɗa a fili, halinsa tun firamare. Inna na gefe tana jan carbi.

Suka sake komawa shida.

Mannir ya je ya shaƙe maƙwabcinsu Bala mai cajin waya, Bala ya rantse har da hawaye. Kawu Mamman ya ce aljanu ne, ya tofe na'urar zaure da addu'a har sai da aka goge ta da tsumma. A Gusau, ubangidan Mannir ya gaji.

"Ka sake barin mini aiki a rataye, ka zauna can ka yi ta gyaran aljanu."

Ranar Asabar Mannir ya yi gyaran ƙarshe, ya zauna a kan buzun ba tare da ya lura ba, ya cinye tuwonsa.

"Inna, in ya sake, sai haƙuri. Aikina zai tafi."

"Awo. Allah kiyaye hanya."

Ya kai bakin titi ya tuna ya bar hularsa. Ya dawo, ya shiga bai yi sallama ba, ya ɗaga labule.

Inna na zaune da tabaran Baba a karan hanci, wayarta a hannu. Ta kashe zaɓin kai, ta danna shida, ta ja ƙarfin har ƙarshe, sannan ta ɗaga murya:

"Safiyatu, a jiƙa dawa. Amma wannan karon sai Lahadi zan kira shi, kada a kore mini yaro."