Kalma Arba'in na Malam Tanimu

Tun da aka rufe gidajen yari, magana kotu take rage wa mai laifi. Malam Tanimu tela ya amsa nasa laifin: shi ya yaɗa cewa Hajiya Kande mai tuwo naman jaki take dafawa, har kasuwarta ta mutu. Aka sa masa zobe mai ƙirga kalmomi a wuya, kalma arba'in a rana, shekara bakwai. Idan suka ƙare, muryarsa ta ɗauke sai washegari.

Ya ɗaukaka ƙara, ya ce hukuncin ya yi tsanani. Wanda ya amsa laifi da bakinsa, da bakinsa zai nemi sassauci, don haka ranar zaman bai ce wa kowa uffan ba tun safe.

A barandar kotu matarsa Uwani ta hango Hajiya Kande, wadda ɗanta ya rasu makon jiya.

"Malam, ka wuce kawai," in ji Uwani. "Ni zan yi mata gaisuwa."

Bai wuce ba. Ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya, ya yi wa mamacin addu'a, ya tambayi sauran yaran. Ta amsa ba tare da ta dube shi ba.

Da aka kira shi, alƙali ya ce, "Muna jin ka."

"Ranka ya daɗe, ya yi yawa."

"Mene ne dalilinka?"

Bakinsa ya motsa, babu sauti. Alƙali ya jira minti guda, ya rubuta cewa mai ƙara bai kawo dalili ba, ya tabbatar da hukuncin.

A hanyar gida Uwani ta tambaye shi me zai ci. Sai ta tuna kalmominsa na yau sun ƙare, ta shiga ambato masa shinkafa, dambu, fate, har ya gyaɗa kai.