Maiturare a Bakin Ƙofa

Motar haya ta sauke Maiturare bayan la'asar, ta ƙarasa da ƙafa. Gobe jirginta zai tashi zuwa Kano. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a kan sunan mijinta Ƙasimu take, tunda kuwa ya bar gidan, zamanta a Madina ya ƙare. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: ta je inda yake, su yi sallama.

Shi kam ya huta. Shekara da shekaru yana hawan dabino a gonakin Awali, sai ga shi ya samu wurin da kowa a garin nan ke roƙon Allah ya ba shi, babu kafili mai tsaya masa, babu sabunta takarda. Maƙwabta sai cewa suke ya dace. Ita ma ta san ya dace, amma ranta bai daina ciwo ba, don ko sallahu bai bar mata ba. Watannin da ta yi a ɗaki ba ta fita, da wannan ciwon ta yi su.

'Yarta Sundus, mai karatun adabi, ta biyo ta da jaka. Don ta rage mata nauyin zuciya ta ce, "Ummi, kin tuna min da Rumawan dā. A waƙoƙinsu na soyayya, masoyi kan tare a bakin ƙofa yana rataya mata fure, yana roƙonta kamar abin bauta, ya'ani ko za ta buɗe."

"A'uzu billahi, ƙofa kuma? Ta buɗe?"

"La, abadan, ba ta taɓa buɗewa ba."

"To, ashe abin daɗaɗɗe ne."

Da suka iso bakin ƙofar wurin, maza na ta shiga ayari-ayari, tattabaru na tashi a gabansu. Mai gadin, wani Bakri, jikan Hausawa ne, yana jin Hausa sama-sama. Ya ga Maiturare ta nufo shi, ya tare hanya cikin ladabi.

"Ya khala, mamnu'i, mata ba sa shiga. Nan ne iyakarki."

"Ɗana, gobe zan tafi, kuma ba na jin zan dawo."

"Wallahi ba a hannuna yake ba."

Ba ta yi musu ba, gajiya ta fi ƙarfin musu. Ta dafa ƙarfen katanga tana leƙe, ta duba gabas, ta duba kudu. Wurin faɗi gare shi, ido ba ya cinye shi.

Bakri ya ji tausayinta, ya matso. "Faɗa min wajen da yake, ni in kai masa sallamarki."

Maiturare ta sake duban filin tana neman inda za ta nuna. Maza ne suka rako Ƙasimu ranar jana'iza, su ma yanzu sun kasa nuna wurin, don a Baƙi'a, maƙabartar Madina, ba a rubuta sunan kowa a kan kabari.