Labaran a Kan Rufi

"Ƙara juyawa, Labaran, har yanzu hoton rawa yake!" Inno ta ƙwala masa kira daga ɗaki.

Awa biyu yana kan rufin kwano, ranar Dutsin-Ma na gasa masa tafin ƙafa. Tun da ya sayo gem ɗin talabijin daga Kano ya hana kowa taɓawa. Yau talabijin ya ƙi kamawa, kakar tasa ta ce eriya ce. Yana hawa, tsani ya ɓace.

"Inno, a maido mani tsani!"

Ya kwanta ruf da ciki ya leƙa taga. Hoto tangaram, Inno sai danna gem ɗin take.

"Yi haƙuri, ɗan nan," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Saura mota ɗaya in wuce."