Tsayuwar Bakin Taga

"Ka bar min bakin tagar nan!" in ji matar gidan, tana nuna ƙanin mijinta da ludayi. "Yarinya na ciki tana ganawar neman aiki ta kwamfuta, kai ka zo ka kafe kamar turke. Gulma za ka kwasa ka kai wa dangi?"

Ku da ba ku san su ba, shekara biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Yaya, ki bari in..."

"Ba ka da yaya a nan! Fita!"

Bawan Allah ya dube ta, ya dubi tagar, ya ce, "To, shi ke nan." Ya hau babur ɗinsa ya yi gaba. Ta danna sakata tana huci.

Sai ga ihu daga ɗaki.

"Mama, intanet ya yanke ana tsakiyar yi min tambaya! Ina Baffa? Datata ta ƙare, wayarsa ce ke ba kwamfutar intanet. Ni na roƙe shi ya tsaya kusa!"

'Ya'yana, ranar na ga uwa da takalmi ɗaya tana bin babur a guje, tana kiran, "Ƙanina! Ɗan albarka!"